Kwanci a Tsakiyar Hunturu: A Bar wa Kaza 'Ya'yanta ko a Hura Musu Gawayi?

Ranar 9 ga Disamba wata kazata wake-wake ta ƙi fitowa daga gurbi. Na miƙa hannu zan ɗebi ƙwai, ta tayar da gashin wuya, ta baje fukafukai, ta kai mini sara a bayan hannu. Ta shiga kwanci ke nan. Da a watan Satumba ne da hamdala kawai zan yi in wuce. Amma na tsaya a bakin akurkin ina lissafi da yatsu: ƙwan kaza kwana 21 yake yi, wato za ta ƙyanƙyashe ranar 30 ga wata, kuma 'yan tsaki ba sa gama yin gashin kirki sai sun kai mako 5 zuwa 6. Renon duka zai faɗa cikin Janairu da farkon Fabrairu, lokacin da ko babban mutum sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya taɓa ruwan alwala da asuba.

Matsalar a fili take in aka jera lambobin. Ɗan tsako a makonsa na farko yana son ɗumi tsakanin digiri 32 da 35 a ma'aunin Salshiyas, ana rage kamar digiri 3 duk mako. Lallausan gashin nan da yake fitowa da shi mai kama da auduga ba ya riƙe zafi, jikinsa kuma ba ya iya daidaita ɗumin kansa sai ya doshi mako 2. Daren Janairu a Kano ko Katsina ko Maradi kan sauka wajen digiri 13, wani lokaci ƙasa da haka, a Jos kuwa akwai dararen da ba sa kai 10. Ratar digiri 20 ke nan tsakanin abin da tsako ke buƙata da abin da gari ke ba shi. Dole wani ya cike wannan rata, ko uwa ko wuta. Zaɓin ke nan, kuma ni na gwada kowanne, na yi asara a kowanne.

A bar ta ta kwanta, ko a karya kwancin?

Kafin a kai ga 'yan tsaki, akwai shawarar farko. Ba dole ba ne duk kazar da ta nemi kwanci a ba ta ƙwai. In ba ka da ɗakin da za ka killace ta, ko kana shirin tafiya a makonnin da za ta ƙyanƙyashe, gara ka kwashe ƙwan ka sa ta a keji mai ragar waya a ƙasa inda iska ke ratsa cikinta, da abinci da ruwa. Kwana 3 zuwa 4 zafin kwancin kan sauka, bayan mako 1 ko 2 ta koma saka. In ta sake neman kwanci a ƙarshen Janairu sai ka ba ta, 'ya'yan su fito tsakiyar Fabrairu sanyi na ja da baya. Abin da ba na so shi ne dabarar nan ta tsoma kaza a ruwan sanyi don ta bar kwanci. A bazara ma ban yarda da ita ba, balle a ɗari, ga kaza da ta riga ta fige gashin ƙirjinta.

Sai dai hunturu ba laifi kaɗai gare shi ba. Ƙwai ba ya saurin lalacewa kamar a Afrilu, lokacin da zafi kan sa ya fara ɗan tsiro tun kafin kaza ta hau shi. Hatsi na da araha bayan kaka, ƙasa a bushe take, ba danshin da ke kawo kashin jini a damina. Wanda ya jinkirta har ya wuce Fabrairu ya guje wa sanyi ne ya faɗa bazara, inda kaza kan kasa jure zama a gurbi. Don haka ni in ina gida ba na karya kwancin Disamba. Abin da nake yi shi ne rage ƙwai.

Kazar gida kan rufe ƙwai 10 zuwa 12 a lokacin ɗumi. A hunturu 8 nake barin mata, in ƙarama ce 6 ko 7. Dalili kuwa, kaza tana juya ƙwanta tana sauya musu wuri, na gefe ya koma tsakiya, na tsakiya ya fito gefe. In sun yi mata yawa, kullum akwai biyu ko uku da ke leƙowa waje suna shan iska, kuma ba waɗancan biyun ba ne kullum, kowa sai layi ya zo kansa. Kwaɗayin ƙwai 13 shi ke sa a wayi gari da baragurbi 9. A sa wa waɗanda aka zaɓa alama da fensir ko gawayi, domin sauran kaji na son hawa gurbin mai kwanci su ƙara mata nasu. Ƙwan da aka ƙara bayan kwana 5 ba zai fashe tare da 'yan uwansa ba, uwar kuma ba za ta jira shi ba: kwana 1 ko 2 bayan na farko ya fito za ta tashi da waɗanda ta samu.

Abin da mutane suka fi mantawa da shi ba sanyin ba ne, bushewar iska ce. Masu injin ƙyanƙyasa suna riƙe danshi wajen kashi 55 cikin 100, su ɗaga shi zuwa 65 ko 70 a kwana 3 na ƙarshe. Iskar hunturu da rana kan faɗi ƙasa da kashi 20. Sai ka ga tsako ya huda ɓawo, bakinsa ya leƙo, yana ta kuka, amma tantanin ciki ya bushe ya manne masa kamar takarda, ya kasa juyawa har ya mutu. Shi ya sa gurbin ƙasa ya fi na cikin kwali ko tsohon kwano. A haƙa ɗan rami mara zurfi a kusurwar ɗaki, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa mai kauri, daga kwana na 17 a riƙa yayyafa ruwa mai ɗumi a ƙasar da ke kewaye da gurbin, ba a kan ƙwan ba. Hatsi da ruwa a ajiye su taku biyu ko uku daga gurbin, yadda in ta tashi sau ɗayan da take tashi a yini ba za ta yi nisa ba, amma ba dab da bakinta ba, don tana buƙatar ta miƙe ƙafa ta yi kashi a waje. Kaskon toka kusa da ita yana taimaka mata da birgima, saboda ƙuma da ƙwarƙwata na iya korar kaza daga gurbi ana saura kwana 4.

Hanyar Gwaggo

Hanya ta farko bayan ƙyanƙyasa ita ce wadda muka taso muka tarar: a buɗe akurki, uwa ta fita da ayarinta, Allah ya raya. Gwaggona har yau haka take yi. Shekarar da ta zo ta tarar ina ɗaura buhuna a jikin keji, dariya ta yi.

"Kai ɗan nan, tun ba a haifi ubanka ba kaza ke renon 'ya'yanta. Wa ka taɓa ji ya hura mata wuta?"

Na ce, "Gaskiyarki, Gwaggo. Amma cikin goma nawa ke kai wa ga yanka?"

Ta ce, "Shirwa na da rabonta, ɗari na da nasa. Abin da ya saura shi ne naka."

Rabin maganarta gaskiya ce, kuma rabin nan shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa. Babu murhun da ya kai kaza. Jikinta wajen digiri 41 yake, ba ya buƙatar kananzir, ba a ɗauke masa wuta, ba ya hayaƙi, ba ya ƙona gida. Tsakon da ke ƙarƙashin uwarsa da ƙarfe 3 na dare yana cikin ɗumin da ya fi na bargonka. Dare ba shi ne ke kashe 'ya'yan kazar da aka saka ba.

Safiya ce ke kashe su. Kaza ta yi mako 3 tana cin rabin ciki, ta rame, ƙashin ƙirjinta ya fito. Gari na wayewa yunwa za ta fitar da ita, daidai lokacin da sanyi ya fi tsanani, kafin rana ta keto hazo. Tana tono tana gaba. Ƙwari sun yi ƙaranci a rani, dole ta yi nisa, daga bayan ɗaki zuwa juji, daga juji zuwa masussuka. Masu ƙarfi suna biye da ita, sai ka hangi ɗaya a baya ya tsaya, ya saki fukafukai, ya lumshe ido, yana wani siririn kuka mara yankewa. Uwa mai hankali kan tsuguna duk bayan ɗan lokaci su shige ƙarƙashinta su ɗumama. Sagarar da wannan ne kwancinta na farko sau da yawa ba ta san da wannan ba, ko ta sani yunwa ta fi ƙarfinta. Wanda ya yi sanyi sau ɗaya ko bai mutu a ranar ba ya daina cin abinci sosai, kashi ya liƙe masa a dubura, bayan kwana 3 a tsince shi a bakin magudana. Ga shi an girbe gonaki, ciyawa ta bushe, babu maɓoya. Mai 'ya'ya ke gudun shirwa, to ina za ta gudu a fili fetal?

Amfanin wannan hanya ɗaya ne: ba ta cin ko sisi, ba ta cin lokacinka. Wanda ke da kaji da yawa a ƙauye, bai damu da ya tsira da 3 cikin 9 ba, yana iya ci gaba da ita. Ni dai a hunturu na daina.

Wuta

Hanya ta biyu ita ce ta masu gidan gona: da zarar 'yan tsaki sun bushe a kwashe su, a zuba a kwali ko ɗan ɗaki, a kunna musu abin ɗumi. Tana da riba ta gaske wadda bai kamata a raina ba. Kazar gida da aka bar wa 'ya'ya kan yi wata 2 ko fiye tana yawo da su ba ta saka ko ƙwai ɗaya. Shi ya sa a shekara ba ta wuce kwanci 3 ko 4, ƙwai 40 zuwa 60 ke nan gaba ɗaya. In aka raba ta da su, mako 2 zuwa 3 ta koma wa zakara. Mai kaji 5 da suka kwanta a mako guda zai iya haɗa 'ya'yansu 40 a wuri ɗaya, iyayen su koma aiki. Wanda kuma ya sayo 'yan kwana ɗaya na kwali, irin su Noiler, ko kuma ShikaBrown wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar, ba shi da wani zaɓi: waɗannan ba su zo da uwa ba, kuma su kansu in sun girma ba kasafai suke kwanci ba.

Amma duk wanda ya ɗauke 'ya'ya daga uwa ya sani shi ne ya zama uwar, har da tashin dare.

Ƙwan lantarki ya fi kowanne tsabta da sauƙi, muddin tsohon yayi ne mai zare a ciki, mai wat 60 ko 100, wanda in ka taɓa zai ƙona ka. Fararen ƙwayayen nan na yanzu masu tsimin wuta haske kawai suke bayarwa, na ga wanda ya rataya wa 'yan tsaki irinsa yana mamakin abin da ya sa suke mutuwa. Aibinsa kowa ya san shi. In aka ɗauke wuta ƙarfe 2 na dare kana barci, kafin asuba za su taru a kusurwa ɗaya, suna hawa kan juna don neman ɗumi, na ƙasa su mutu ba don sanyi ba, don an danne su. Fitilar ƙwai ba ta yankewa haka, kuma tana isar tsaki 15 zuwa 20 a kwali mai rufi, sai dai kananzir ya yi tsada, ga kwali, ga busasshiyar shimfiɗa, ga iskar da ke sa komai ya kama kamar an zuba fetur. Aci-balbal kuwa kada ma a fara.

Gawayi shi ne abin da yawancinmu ke komawa gare shi, kuma shi ne ya yi mini ɓarnar da har yau nake tunawa. Na haɗa 'ya'yan kaji uku, su 24, a wani ɗan ɗakin ajiya. Daren ya yi sanyi ƙwarai, na cika kurfoti da sabon gawayi bai gama kamawa ba na shigar, na toshe tagar da leda, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ina ganin gata na yi musu. Da asuba na buɗe, ɗakin da ɗumi kamar gidan burodi, kaina ya sara nan take. Tara suna kwance a baje, ba rauni, ba jini, sauran suna layi kamar masu maye. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai ke kashe mutanen da ke kwana da garwashi ko janareta a ɗaki. Tsako da ƙaramin huhunsa ba ya jimawa.

Wanda zai yi da gawayi, ga yadda na koya bayan an sha ni. A hura shi a waje har ya zama jan garwashi ba hayaƙi. A zuba a tukunyar ƙasa, ba kurfotin ƙarfe ba, domin tukunya tana riƙe zafi tana sakinsa a hankali. A barbaɗa toka a sama don ya daɗe. A ɗora tukunyar kan bulo ko duwatsu, a kewaye ta da raga yadda ba mai taɓa ta. A toshe iskar ƙasa, wadda ke shigowa daidai tsayin tsako, amma a bar kafa a sama buɗe ko da sanyin ya kai yaya. A zagaye su da kwali a lanƙwashe kamar da'ira, kada a bar kusurwar da za su cunkushe. Sannan a sa ƙararrawar waya, domin garwashin da aka sa bayan lisha ba zai kai asuba da ƙarfinsa ba, kuma lokacin da yake mutuwa shi ne lokacin da gari ya fi sanyi. Haka za ka yi kowane dare na mako 3 zuwa 4.

Ba sai ka sayi ma'aunin zafi ba, su da kansu za su gaya maka. In sun dunƙule jikin tukunya suna ihu, sanyi suke ji. In sun gudu can gefe sun buɗe baki suna haki, zafi ya yi yawa. In duk sun koma ɓangare ɗaya, iska na shigowa ta ɗaya ɓangaren. In sun bazu ko'ina, wasu na ci wasu sun miƙe ƙafa suna barci, suna ɗan ƙaramin kuka mai daɗin ji, koma ka kwanta.

Akwai wata dabara da aka yaɗa a ƙasar Habasha, daga kwalejin noma ta Jimma, wadda ba ta buƙatar wuta: akwati ne da aka cusa wa busasshiyar ciyawa a bango, 'yan tsaki su kwana a matse, ɗumin jikinsu ya wadace su, da rana a fito da su cikin keji a rana. Tana aiki in suna da yawa kuma sun ɗan kwana biyu. Tsaki 5 'yan kwana 2 a daren Jos ba zan bar su da ciyawa kaɗai ba, sai na haɗa da jarkar ruwan zafi da aka naɗe da tsumma.

Uwa a killace

Hanya ta uku ita ce nake bi yanzu, kuma ba wata sabuwar hikima ba ce. An ɗauki murhun Gwaggo ne aka hana shi yawo. Uwa da 'ya'yanta a wuri ɗaya mai faɗin kamar mita 1 kowane gefe: keji, ko babban kwando a kife, ko kusurwar ɗaki da aka tare da zana. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka a rufe waɗannan ɓangarori biyu da buhu, ƙofa ta dubi kudu ko yamma. Ƙasa a zuba buntu ko dusar katako mai kauri, kwana ukun farko a shimfiɗa buhun algarara a kai don kada su cika ciki da dusar, kuma kada a sa su kan leda ko siminti mai santsi, ƙafafunsu kan baje su ƙi haɗuwa. Sai hantsi ya ɗaga, wajen ƙarfe 10 ko 11, a fitar da kejin inda rana ke bugawa iska ba ta kaiwa, a mayar kafin la'asar ta yi sanyi.

Da ka ba uwar abinci ta ƙoshi, dalilin yawonta ya ƙare. Za ka ga tana yawan tsugunawa, su ci na ɗan lokaci su ruga ƙarƙashinta, kawuna na leƙowa ta tsakanin gashi. Ita ce ma'aunin zafin, ita ce mai gadi, ita ce mai koya musu ci: ta ɗauki ƙwaya ta yar, ta yi musu wannan kiran nata, su taho a guje. Kai kuma ka yi barcinka.

Kuɗin da wannan hanya ke ci biyu ne. Na farko ƙwan da uwar ba za ta saka ba na mako 6 ko fiye. Na biyu abinci, domin babbar kaza za ta ci na 'yan tsaki, abin da ba ta ci ba ta watsar da ƙafa. Makon farko ina ƙyale ta, ta sha wahala, kuma abincin yara ba ya cutar da ita. Daga mako na biyu sai in kife ƙaramin kwando mai faɗin ido a kan nasu, su shiga su fita ita ba ta iya zura kai, a ba ta dawa ko masara a gefe. Tana kuma da iyaka: a sanyi kaza ɗaya ba ta rufe fiye da tsaki 10, kuma suna girma ƙarƙashinta na ƙara yi musu kaɗan. In kaji biyu sun ƙyanƙyashe a rana ɗaya, wannan 4 waccan 5, ana iya haɗa wa wadda ta fi iya reno, a saki ɗayar. Da dare ake yi, a cikin duhu, a zura su ta bayanta, kuma kada su wuce kwana 2 ko 3 da fitowa. Da safe a tsaya a gani, akwai kazar da ba ta karɓar ɗan wata, sara ɗaya take fasa masa kai. Uwaye biyu masu 'ya'ya kuma ba a haɗa su keji ɗaya.

Abin da ba ruwansa da wace hanya ka bi

Ruwa ya fi kashe tsako a hunturu fiye da yadda ake zato. Ya faɗa kasko, ya fito a jiƙe, iska ta buge shi, shi ke nan. A ba su a murfi mara zurfi da tsakuwa a ciki, mai ɗan ɗumi da safe. In ka tarar da wanda ya sandare kamar ya mutu, kada ka yi saurin jefarwa: goge shi, ka sa shi cikin rigarka jikin fata, ko kusa da tukunyar ɗumi. Na sha ganin wanda na fidda rai da shi ya fara motsa ƙafa bayan rabin awa. Kuma kada ka ɗaga uwa da ƙarfi ranar ƙyanƙyasa don wai na farko na jin yunwa. Tsako na fitowa da sauran gwaiduwa a cikinsa da ke riƙe shi kwana 2.

Tsakin gero ko na masara zalla ba ya gina jiki. Abincin 'yan tsaki na buhu yana da sinadarin gina jiki wajen kashi 20 cikin 100. Wanda zai haɗa a gida ya ƙara garin waken suya da aka soya, ba ɗanye ba, ko garin ƙuli-ƙuli mara fumfuna, da ɗan garin kifi, da dafaffen ƙwai a kwanakin farko, da gara in an samu. Abincin kaji masu saka bai dace da su ba, sinadarin ɓawon ƙwai da ke cikinsa ya yi wa ƙodarsu yawa.

Sai babbar, wadda ba uwa ba gawayi da ke tare ta: cutar Niyukasil, da wasu ke kira fakat. Hunturu ne lokacinta a ƙasar nan, ga iska, ga kajin da ake ta kaiwa kasuwa ana dawowa da su a ƙarshen shekara. Kaza ta yi zugum, ta yi koren zawo, wuya ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama kango. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana yin rigakafinta, har da nau'in I-2 da ke jure rashin firji fiye da sauran, ana ɗiga shi a ido, ana maimaitawa duk wata 3 zuwa 4. Kazar da aka yi wa kafin ta fara saka tana ba 'ya'yanta wani kaso na kariyar ta cikin ƙwai, abin da zai riƙe su makonnin farko kafin a yi musu nasu. Malamin dabbobi na kusa da kai zai tsara maka ranakun, har da na Gumboro, wata cutar da ke kama ƙananan kaji. Kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta a wannan lokaci kada ta matso kusa da mai 'ya'ya sai ta yi mako 2 a ware.

To wa ya kamata ya bi wace? In kazarka ɗaya ce ko biyu, 'ya'yan ba su wuce 10 ga kowacce ba, killace su da uwarsu. Tashin dare da kuɗin gawayi na wata guda sun fi ƙarfin ƙwai goma sha da za ta saka maka in ka raba su. In tsakin sun kai 30 ko fiye, ko na kwali ne, ko uwar ta mutu ko ta yi watsi da su, wuta ta zama dole, kuma gara tukunyar gawayi da ƙwan lantarki tare, ɗaya na tsaron ɗaya. In kana fita aiki tun safe ba wanda zai leƙa su, kada ka bar wuta da 'yan tsaki a gida, ko da uwar ba ta iya reno sosai ba ta fi. Mutanen Jos da Mambila, inda dare ya fi na kowa sanyi, su shigar da kejin uwa cikin ɗaki da dare maimakon su ƙara mata wuta.

Wake-waken nan ƙwai 8 na bar mata, 7 suka fashe, ɗayan da na haska da tocila a kwana na 10 na ga fayau yake na cire shi. Mako 3 ba su taka waje ba sai cikin keji. A na huɗu na fara sakinsu da azahar ina zaune kusa, in mayar da su kafin inuwa ta rufe tsakar gida. Ɗaya muzuru ya zare ta wata kafa da ban lura da ita ba a ƙasan ragar. Ana cikin mako na shida, wata safiya na ga ta kai wa babbansu sara da ya matso kaskonta, da magariba kuma ta haye kan katanga wajen zakara ta bar su a ƙasa suna kewaya kejin. Sanyi bai gama tafiya ba, don haka na tattara shidan a kwali da buntu na kai su ɗakin girki, suka ƙara kwana 8 a can kafin na haɗa su da sauran kaji.